Afandi a Jirgin da Ba Ƙofa

Ku da kuke taruwa a bakin shagona bayan sallar Juma'a, kuna shan shayina kuna latse-latsen waya, na ji abin da ɗayanku ya ce makon jiya. Wai yanzu akwai injin da za ka ba shi zane, ka tafi cin ful, waken nan na Masar, ka dawo ka tarar ya tofo maka jirgi sukutum. Wai aikina wasan yara ne da ya tsufa a hannun mai furfura. Ban musa ba, don da wasan yaran na fara. Amma tun da kun sha shayin, sai ku biya da kunnuwanku.

A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ni, aka raɗa mini Haruna. Kakana Bakatsine ne, ya taso aikin hajji a ƙafa, ya tsaya noman dawa don ya tara guzuri, guzurin bai taru ba har ya ga jikoki. Mu yaran unguwar Hausawa, in an yi girbi kara ne abin wasanmu. A ɓare shi, a yanka totuwar, a soka, sai ga babbar mota da tayoyinta. Tawa ce ake ɗora wa dutse ba ta wargaje ba. Iyakar ilimin da na shigo da shi Alƙahira ke nan, sai 'yan izu kaɗan.

Wannan shago da kuke gani a Hadayek el-Ma'adi asalinsa na maigidana Usta Milad ne, wani Bakibɗe, wato Kiristan Masar, mai ƙaramin jiki da babbar murya. Sana'arsa maket, wato ƙaramin samfurin abu kafin a gina shi, ko bayan an gina a nuna wa mutane: bene, gada, masana'anta, jirgi. Dakon katako na fara yi masa. Wata rana ya same ni ina fere guntun da ya yar, ya karɓa, ya jujjuya, ya ce, "Gobe ka zo da safe, ya Harun." Na zo da murnata ina zaton za a ba ni zarto, aka miƙo mini tsintsiya da dutsen wasa wuƙa. Na daɗe a kansu har na fara tunanin komawa dako.

Aikin farko da ya sakar mini shi ne jirgin fasinja na wani ofishin sayar da tikiti, wanda za su kafa a tagarsu. Na zuba masa duk abin da na iya, na goge shi har ana ganin fuska a jikinsa. Usta ya zo ya duba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan mutum-mutumi na katako, tsawonsa bai wuce yatsa ba, ya tsayar da shi a bakin ƙofar jirgin. Ƙofar ta tsaya masa a ƙugu.

"Afandi ya sayi tikiti," in ji shi. "Ta ina zai shiga? Ko da rarrafe?"

Ranar na koyi ƙa'idar shagon nan. Kafin ka taɓa katakon aiki, sai ka fara sassaƙa mutum daidai da awon da aka ba ka. Sunansa Afandi. Da shi za ka gwada ƙofa, da matakala, da kujera, da tsayin rufi, don ido yana ƙarya, takarda ma tana yi, amma Afandi in bai shiga ba, bai shiga ba. Kuma kowane aiki da nasa Afandin, ba a ara, ba a yarwa. In an gama, tare da aikin yake tafiya. In mai kaya yana son ganinsa, a tsayar da shi a fili. In ba ya so, a nema masa lungu a ciki, ƙarƙashin matakala ko bayan bango, a rufe. Usta ya ce wanda ya yi maka awo ba a sallamarsa a kwandon shara. Nasa yana yi musu jar dara irin ta ma'aikatan da. Nawa kuwa jallabiya da rawani nake musu, irin na mutanenmu.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙa mai siririn baki, wadda in ba ta aske gashin hannu ba to ba ta wasu ba. Zarto biyu, babba da wani siriri kamar zare. Magagari, da samfefa tun daga mai kaushi har wadda ta fi tafin jariri laushi. Katakon balsa, mara nauyi, wanda ranar da na fara riƙe shi na yi dariya, don totuwar kara ce ta je makaranta. Sai gam, da fenti, da dalma. Dalmar ita ce kuke rainawa. Jirgi in za a ɗora shi a kan sanda ɗaya, wutsiya tana rinjayar hanci, sai an narka dalma an zuba a hancin daga ciki, a ratsa ƙarfe daga can har wutsiya ya zama ƙashin baya. Wanda bai yi haka ba, jirginsa zai yi ta kallon rufi kamar mai jiran ruwan sama.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai kamfanonin gini, masu son itatuwa kore shar a inda ko ciyawa ba za ta fito ba. Akwai iyayen yaran makarantun Turawa na Ma'adi, waɗanda za su kawo aikin ɗansu su ce a yi shi da kyau, amma kada ya yi kyan da malami zai gane. Sai ɗaliban injiniya daga Giza, masu zuwa a ƙurarren lokaci, ido ja, zane a naɗe, kullum suna fafe gora ranar tafiya.

Shekarar 2011, ta juyin juya hali, ita ce ta gwada mu. Kasuwa ta mutu murus. Turawa suka kwashe yaransu, gine-gine suka tsaya, ba mai bajekoli balle ya nemi maket. Muna buɗe shago mu zauna mu kalli ƙura tana sauka kan zarto. Na gyara kujerun maƙwabta, na yi kejin tantabaru, da azumi ya zo na yanka fitilun Ramadan na falanki na kai bakin tashar metro. Usta, Kirista ne, shi ke zana musu jinjirin wata, kuma nasa ya fi nawa kyau. A ƙarshen shekarar hannunsa ya fara rawa. Ya miƙo mini makulli ya koma ƙauyensu a kudu, bai sake dawowa ba. Na ji tafiyarsa ƙwarai, har yau in na kuskure yanka muryarsa nake fara ji.

Aikin da nake so in ba ku labari ya zo a bazarar 2014. Wani saurayi ya yi sallama da Hausa tsantsa, ba ta Sudan irin tawa mai gauraye ba. Sunansa Mudassir, mutumin Funtua. 'Yan uwansa duk ilimin addini suka zo nema, shi kaɗai ya kauce ya shiga karatun ƙera jirage a wata jami'a a Giza, har abokan kwanansa suna kiransa Shehin Tayoyi. Shekararsa ta ƙarshe ce. Tallafin karatunsa zai ƙare da ƙarewar zangon, iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ma haka, tikitin komawa gida yana hannunsa. Abin da ya rage masa shi ne ya tsaya gaban malamai rana ɗaya ya kare aikinsa na kammalawa. Malamin da ke duba shi ya gindaya masa cewa in ba maket a kan tebur, ba zama. In kuwa ranar ta wuce shi, sai zango mai zuwa, kuma ba shi da halin zama har zango mai zuwa. Zai koma Funtua da shekarunsa a banza, ba takarda.

Ya baje zane biyu. Na farko na duba, na juya shi, na sake dubawa. Gajeren jirgi ne mai ƙiba, fukafukai ƙanana, wutsiya a tsage biyu, sama fari ƙasa baƙi. Ba taga ko ɗaya.

"Ɗana, ka manta gilashin direba."

"Ba direba, Baba," in ji shi. "Na sojan Amurka ne. Roka ke kai shi sama jannati, ya yi ta zagaya duniya shi kaɗai. Yanzu haka da muke magana yana can, ya fi shekara bai sauko ba. In an ce ya dawo, ya sauko ya taka titin jirgi da tayoyinsa, ba kowa a ciki."

"Kamar jakin da ya san gida."

"Tamam, kamar haka."

"To me yake ɗauke da shi?"

"Ba su faɗa wa kowa ba. Akwai wurin kaya a gadon bayansa, kamar bayan a-kori-kura. Shi ya sa nake so ka zana layin murfin kawai, ka liƙe shi gam. Abin da ban sani ba, ba zan nuna ba."

Zane na biyu shi ne nasa. An taɓa maganar a ƙara wa jirgin girma ya ɗauki mutum shida, shi kuma ya zauna ya lissafa ko hakan zai yiwu. Wannan yana da tagogi, da kujeru, da rufin da za a ɗaga a ga ciki. Yana zuwa shago bayan la'asar, ina fere yana bayani, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Ya ce inji ba ya numfashi, ba ya cin abinci, ba ya neman bayan gida, in ya ƙone a hanyar dawowa ba gidan da za a je ta'aziyya. Mutum kuwa sai an ɗaukar masa iska, da ruwa, da abin sanyaya wuri, da hanyar tsira in abu ya ɓaci. Kowanne nauyi ne, kowane nauyi kuma yana neman rokar da ta fi girma.

"To don me ake son cusa mutum, tun da kaya ne?"

Ya ce, "Inji abin da aka gaya masa kaɗai yake yi. In abin da ba a zata ba ya faru, hannu ake nema. Kuma Baba, mutane ba sa tafa wa gwangwani."

Na fara da Afandi kamar kullum, da jallabiyarsa da rawaninsa. Da shi na auna kujerun babban jirgin, sannan na sassaƙa matafiya shida masu fararen kaya na zaunar. Da na zo kan ƙaramin sai na rasa abin da zan gwada. Tun da nake sana'ar nan ban taɓa gina abin hawa da ba a yi shi don kowa ya hau ba, abin ya tsaya mini a rai. Na ce wa Mudassir ko in tsayar da Afandi a gefensa don a ga girmansa. Ya ce a'a, kada malamai su ga mai rawani su ɗauka wasa ya zo yi. Na ce khalas, shi ke nan. Na fafe ɓari biyu na jikin, na zuba dalma, na ratsa ƙarfe. Kafin in haɗe su na yi abin da aka koya mini: na kwantar da Afandi a wurin kayan nan, ya shiga daidai kamar an auna da shi, na liƙe. Na bi da fenti bakwai-bakwai ina gogewa har ni kaina sai na shafa nake gane inda haɗin yake. Ban taɓa yin abin da ya kai shi santsi ba.

Wata ƙa'idar Usta ita ce mai aiki shi ke kai aikinsa har tebur, da jakar gyara a kafaɗa. Ran zaman malamai muka ɗauki tasi da sassafe, akwatuna biyu a cinyoyinmu, don a metro ko ƙaramar bas ta mikrobas sai dai mu isa da itacen hura wuta. Shekarar nan kuwa gari ba daɗi, an sha samun fashewar abubuwa, ƙofar jami'a ta zama kamar ta filin jirgi. Kowace jaka sai ta bi ta na'urar haska kaya.

Babban akwatin ya wuce, na'ura ta nuna ƙarfe. Jami'in tsaron, wani dogo mai gashin baki, ya ce a buɗe. Mudassir ya ɗaga rufin jirgin, ga mutum shida a zazzaune, ga dalma a hanci ana gani. Jami'in ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya kai su lafiya." Ƙaramin ya shiga, sai na ga murmushin ya ɗauke. Na leƙa allon na'urar, na ga abin da ya gani: dogon abu mai kan harsashi, dunƙulen ƙarfe a hanci, sanda a tsakiya, da wani abu kwance a ciki. Ni da na yi shi ma, sai da na ga kamar bam ne.

"Buɗe wannan."

"Ba ya buɗuwa, ya basha, ranka ya daɗe," in ji Mudassir. "Ba shi da ƙofa."

"Wancan yana da ita."

"Wancan na mutane ne. Wannan ba matuƙi, na soja ne."

Na runtse ido. Duk kalmomin duniya yaron nan bai ga wadda zai ɗauko ba sai soja. Ɗaliban da ke bayanmu suka fara ja da baya. Jami'in bai ɗaga murya ba, kuma ban ga laifinsa ba, don in da ni aka ba ƙofar haka zan yi. Ya ce abu biyu ne: ko a bar shi nan a kira masu duba irin waɗannan kaya, su zo lokacin da suka zo, ko kuwa ya ga cikinsa yanzu da idonsa. Mudassir ya dubi agogo. Shi ne na biyu a jerin masu shiga. Ya ce ko ya shiga da babban kaɗai. Ya kira malaminsa a waya, malamin ya ce aikin kwatanta biyu ne, ɗaya ba aiki ba ne, ma'alish, sai haƙuri.

Wani ƙaramin jami'i ya ɗauko guduma. Na ce, "Ya basha, ni na yi shi. Ba ni gwargwadon shan shayi ɗaya." Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta.

Na shimfiɗa hankici a kan teburinsu, na kwantar da jirgin, na ciro siririn zarton nan. Mudassir ya riƙe mini hannu.

"Baba, aikinka ne na wata da watanni."

"Katako ne, ɗana. Sake ni, rana tana yi."

Na lalubi haɗin da babban yatsa, daga ƙasan hanci, ta gefen fiffike, har wutsiya. Zarto irin wannan ba a danna shi, nauyinsa kaɗai ake bari ya ci. In ka yi gaggawa fenti ya tsage ya ɓare kamar ƙwai. Na bi layin sannu a hankali, na kauce wa dalma, na kauce wa ƙarfe, garin balsa yana zuba a hankici. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini ciwo. Amma yankan ya fita tsaf. Na sa bakin wuƙa na ɗaga, jirgin ya rabu biyu kamar gyaɗa.

Ga Afandi kwance, rawani a kai, hannuwa a gefe.

Jami'in ya sunkuya, ya ɗago shi da yatsu biyu, ya dube shi, ya dubi Mudassir. Sai ya fashe da dariya har yana dafa tebur.

"Ka ce ba matuƙi! To wannan Shehin fa? Barci yake a bakin aiki!"

Mudassir ya juyo ya dube ni, bakinsa a buɗe. Na ce, "Daga baya." Jami'in ya mayar da Afandi makwancinsa da kansa, ya ce, "Yalla, ya bashmuhandis, babban injiniya, gudu." Ni ba ni da katin shiga, ga jaka cike da wuƙaƙe, don haka a ƙofa na tsaya. Ranar ce kaɗai ban kai aikina tebur ba. Na zauna a inuwar katanga, jami'in ya aiko mini da shayi.

Sai bayan azahar ya fito, akwatuna a hammata, yana tafe yana haɗa hanya. Ya zube kusa da ni a ƙasa da sabon wandonsa.

"Na ci, Baba. Alhamdu lillahi, na ci."

Na ce masha Allah, na bar shi ya huce. Sannan ya ba ni labari. Ya ajiye ɓari biyun a tebur yadda suke, don ba lokacin cire komai. Wani tsohon malami mai tsanani ya nuna Afandi da biro, ya ce wannan kuma mene ne. Mudassir ya ce duk abin da ya haddace ya gudu daga kansa, sai ya faɗi abin da ke gabansa.

"Na ce masa, ya doktor, wannan shi ne aikina gaba ɗaya. Wurin ya ishe shi, ga shi ya shiga daidai. Amma ba a ba shi iska ba, ba taga, ba ƙofa. Sa mutum a jirgin nan ba wuya. Da aka zo fito da shi yau da safe, sai da aka sa zarto."

Ya ce malamin ya ajiye biron, ya ce ya ci gaba.

Bayan 'yan watanni na ji a rediyo cewa jirgin gaskiyar ya sauko da kansa, ba kowa a ciki. Babban wansa mai ɗaukar mutane kuwa har yau ban ji an ƙera shi ba, kuma Mudassir ya ce kada in sa rai. Babban maket ɗin jami'a ta riƙe. Ɓari biyun nan su ne kuke gani rataye a saman ƙofa, waɗanda ɗayanku ya ce in ba shi ya liƙa mini da gam mai ƙarfi. Ba za a liƙa ba.

Ranar da zai tafi filin jirgi ya biyo ta nan yin sallama. Ya miƙa hannu ya ciro Afandi daga cikin ɓarin, ya sa a aljihun gaban rigarsa, kan rawanin yana leƙowa. Na ce ƙa'ida ita ce ya zauna da aikinsa.

"Ni ne aikin, Baba," in ji shi. "Kuma ya sha zama a rufe. Kujerata ta bakin taga ce."

Sai na gyara masa zaman aljihun don kada rawanin ya karye.

To, shayi ya ƙare. Injin naku in ya iso ku kawo in gani, ba na gaba da shi. Kafin nan ga wuƙa, ga guntun balsa a kwandon can. Wanda ke son koyo ya sassaƙo mini mutum mai tsawon yatsa, ya kawo Juma'a mai zuwa, kuma ya tabbata yana iya tsayawa da ƙafafunsa.